Filin Mata: In Mai Ciwon Zuciya Ta Isa Aure

Kaka ta yi, ga bukukuwan aure sun kankama tun daga nan Maikujera har Raba da Wurno da Goronyo. To, yau maganarmu a kan yarinyar da aka haifa da nakasa a zuciya ce.

Cikin jarirai 100 akan sami kamar 1 da wannan lalura. Wata huda ce a bangon da ya raba ɗakunan zuciyarta, wata kuwa hanyar jini ce ta tsuke. Za ku ga tana haki da gumi wajen shan nono, wani lokaci leɓe da harshe su yi shuɗi-shuɗi. Ba maita ba ce, ba kuma iska ba.

A da, masu mai tsanani ba su cika girma ba. A 1944 ne wata likita mace, Helen Taussig, da abokan aikinta suka fito da aikin ceton irin waɗannan yara a Amurka. A Nijeriya kuwa an fara buɗe zuciya a gyara a Inugu a 1974. Yanzu a Turai kamar 9 cikin 10 suna girma.

Amma ku sani, zuciyar da aka gyara kamar ɗinkakkiyar ƙwarya ce: tana aiki, sai dai da lallami. Mace in ta sami ciki, jinin jikinta yakan ƙaru da kusan rabi, duk kuwa zuciya ce ke tura shi. Wata takan ɗauka lafiya, wata kuwa cikin yana iya zama ajalinta.

Saboda haka, iyaye, kafin a sa rana ku kai ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, likitan zuciya ya duba ta. Kada ku ɓoye wa dangin miji don kunya. In sun sani, sa ɗauke mata daka da ɗiban ruwa. Haihuwa kuma sai a asibiti. Bayan ta sauka kada a ba ta kunun kanwa, don kanwa tana tara ruwa a jiki, zuciya ta jigata.

Ke kuma 'yar makaranta, adana katinki na asibiti, kada ki bar zuwa don kin ji sauƙi. Ki lazimci asawaki, gama ƙwayar cuta daga ruɓaɓɓen haƙori tana iya bin jini ta kama zuciya.

Allah ya ba mu lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.