A Gwada Kafin a Ɗinke Bakin Buhu

Malamai da 'yan kasuwa na ƙasar Gwarzo da Kabo, ina so in jawo hankalinku ga wata al'ada ta maƙeran ƙwayar nan da ke cikin waya da rediyo, wadda masu gyara ke kira ai-si.

Ku sani, daga yashi ake tace ma'adinin silikon, a yanka shi faifai-faifai, babbansu faɗinsa milimita 300. A bisa faifai guda akan ƙera ƙwaya ɗaruruwa, har dubbai. Manyan maƙeranta su ne irin su TSMC a Taiwan da Samsung a Koriya ta Kudu. To, kafin a yayyanka faifan a sa wa kowace ƙwaya baƙar rigarta, sai a ɗora mata allurai sirara kamar gashi, a sakar mata lantarki, a ga ko za ta amsa daidai. A da, wadda ta kasa tawada ake ɗiga mata, yau kuwa kwamfuta ke riƙe da lissafinsu. Ba a ɓarnar riga a kanta. Masu lafiya ma, bayan an tufatar da su, sai an sake gwada su.

Hikimar ita ce, aibin da aka gano a faifai hasarar ƙwaya guda ce. In ya fita duniya, hasarar ba ta misaltuwa. A 1994 aka tarar da kuskuren lissafi a ƙwayar Pentium, tun daga zanenta, musanya ta ya ci wa kamfanin Intel na Amurka dala miliyan 475.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Zamanin dalar gyaɗa a Kano, ai sai an duba gyaɗa an san darajarta sa'an nan ta hau jirgin ƙasa.

Me ya sa yau ɗan kasuwa zai sari memori a kwali, an rubuta mata giga 64, alhali cikinta bai kai 8 ba, ya sayar wa manomin da ya kai hatsinsa kasuwa domin ya saye ta? Zai ce shi ma haka ya saya. Lalle wannan ba uzuri ba ne, cinikin biri a sama ne. Gwajin kuwa ba shi da wuya: a zari ɗaya daga kwalin, a cika ta da kaya a kwamfuta, a sake buɗe su a gani ko suna nan. In an ce ɓata lokaci ne, to, sa'a guda ba ta kai sunan mutum a kasuwa daraja ba.