Kafin mu biya daloli a koya wa 'ya'yanmu kwana a daji

Kwanakin baya, bayan sallar Isha'i, ina zaune a dakalin ƙofar gidanmu da ke cikin birni sai ɗan yayata ya miƙo mini wayarsa. "Kawu, don Allah kalli wannan." Bidiyo ne na wasu samari da 'yan mata, kowa da ƙatuwar jaka a baya, suna hawa duwatsu, suna tuƙa kwale-kwale, suna dafa abinci a ƙaramin risho a bakin tanti. Talla ce ta wata makarantar Amurka da ke ɗaukar matasa su yi zangon karatu guda cur a daji, kusan wata uku, ba aji ba allo. A ƙarshe a ba su shaidar cewa sun koyi shugabanci.

Yaron ya gama sakandare shekara biyu ke nan, gurbin jami'a bai samu ba, kuma ba ya zuwa kasuwa. Na tambaye shi kuɗin. Ya duba, ya yi shiru, sannan ya yi dariya. Ya haura dala dubu goma, ban da kuɗin jirgi da biza. A canjin yau wannan miliyoyin naira ne masu yawa, kuɗin da zai buɗe wa mutum shago a Kantin Kwari ya zuba masa kaya.

Ni ma dariyar na yi. Na ce Bature da abin mamaki yake, ya biya kuɗi don ya kwana a ƙasa, sauro ya cije shi. Amma da na shiga ɗaki na kasa barin maganar, domin na san dariyata ba ta da gaskiya. Abin da ya ja hankalin yaron nan ba ƙanƙara ba ce. Ya ga sa'anninsa an ba su aiki na gaske an ja da baya an bar su da shi. Shi kuwa tun da ya tashi ba wanda ya taɓa damƙa masa abin da ya wuce aiken cefane.

Irin waɗannan makarantu suna da tarihi. A shekarar 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wani malami Bajamushe mai suna Kurt Hahn da wani mai kamfanin jiragen ruwa, Lawrence Holt, suka buɗe makarantar Outward Bound a gaɓar tekun Wales ta Birtaniya. Labarin da ake bayarwa shi ne, idan aka nutsar da jirgi, samarin matuƙa sun fi saurin karaya su mutu a cikin ƙananan jiragen ceto, tsofaffin da suka saba da wuya kuma su rayu. Sai aka ce to a koya wa samarin wuya tun kafin ta same su. A 1965 wani gwanin hawan dutse, Paul Petzoldt, ya kafa NOLS a jihar Wyoming ta Amurka, wadda yau take kai ɗalibai har Tanzaniya da Indiya da kudancin Chile.

Tsarin nasu ba wani sihiri ba ne. Ana haɗa matasa kamar goma zuwa sha biyar. Kullum akwai wanda ake ɗora wa jagorancin ranar: shi zai duba taswira, ya ce ga inda za a bi, ga inda za a sha ruwa, ga inda za a kwana. Idan ya yi kuskure, kowa zai yi ƙarin tafiya da yunwa, da daddare kuma a zauna a gaya masa gaskiya a gaban idonsa. Gobe wani ne zai karɓa. Can wajen ƙarshe malaman sukan janye, su bar ɗaliban su yi kwanaki suna tafiya su kaɗai.

Duk wanda ya tashi a Koki ko Dala ko Madabo, ya kuma zauna kusa da tsofaffi, ya san wannan ba baƙon abu ba ne. Sunansa ayari.

Kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fatake daga nan suke tashi da jakai da takarkarai su nufi Gwanja, can Salaga a ƙasar Gana ta yau, su kai kanwa da tufafi da fatu su sayo goro. Tafiya ce ta watanni, a ratsa Kwara, a bi ta ƙasar Borgu, a biya fito, a yi ciniki da sarakunan hanya, a tsare kai daga 'yan fashi. Ayari yana da madugu, yana da jagaba da ke gaba yana duba hanya da zango, yana da uban dawaki, yana da malamin da ke riƙe lissafi da addu'a. Yaro yakan shiga a matsayin mai kora jaki. Ya koyi ɗaurin kaya, ya koyi sanin jakin da ya gaji kafin ya faɗi, ya koyi gaisuwa da yaren da ba nasa ba. In ya yi sakaci mangala ta zame, ba wanda zai yi masa wa'azi, asarar ce za ta koya masa. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari ta wannan hanya suka yi suna. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma, a hanyar Gwanja ya goge tun yana saurayi. Har kalmar zango da muke cewa zangon karatu, daga bakin fatake muka aro ta.

To jirgi ya zo, mota ta zo, ayari ya mutu, kuma ba mai fatan ya dawo. Tambayar ita ce me ya maye gurbinsa a rayuwar saurayi ɗan shekara 18?

A takarda dai akwai amsa. Tun 1951 wani Baturen Birtaniya, Alec Dickson, ya buɗe makaranta irin ta Outward Bound a Man O' War Bay, kusa da garin Victoria a gindin Dutsen Kamaru, lokacin yankin yana ƙarƙashin mulkin Najeriya. Matasa daga Arewa da Kudu suka riƙa zuwa suna koyon iyo da hawan dutse da aikin gayya. Da Kudancin Kamaru ya rabu da mu a 1961 sai aka dawo da makarantar Kurra a Filato. Ita ce yau Cibiyar Horar da 'Yan Ƙasa da Shugabanci ta gwamnatin tarayya, mai reshe a duwatsun Shere kusa da Jos, da Fika a Yobe, da Kwatarkwashi a Zamfara, da na ruwa a Apapa. Daga nan sunan 'yan Man O' War ya samo asali. Wato abin da ɗan yayata yake kallo a waya yana haɗiyar yawu, ƙasarsa tana da irinsa fiye da shekara saba'in, shi kuma bai taɓa jin labari ba.

Ni kaina sai da na gama babbar difloma na tafi sansanin yi wa ƙasa hidima sannan na fara taɓa igiyar hawa. Rana ɗaya tak muka yi a filin, yawancinmu hoto ya kai mu. Amma akwai abin da ban manta ba. An tsayar da mu gaban wata katanga da ta fi kowa tsawo, aka ce sai duk rukuninmu ya haye, ba tsani. Muka yi ta hayaniya, kowa shugaba. Wata siririyar yarinya daga Kudu, wadda ba a jin muryarta tun da muka zo, ita ce ta tsara mu: masu ƙarfi biyu su fara hayewa, mai tsawo ya zama na ƙarshe. Muka haye. Minti ashirin ɗin nan sun koya mini abin da laccocin shugabanci da na sha zama a otal-otal ba su koya mini ba.

A cikin birni kuwa, wanda ya fahimci wannan ƙishirwa ta samari ba gwamnati ba ce. Ƙungiyoyin farauta ne. Duk rani za ka ga motoci cike da samari da karnuka da gorori an nufi daji. A can akwai babba, akwai na ƙasa, akwai kirari, akwai kwana a waje, akwai ranar da za a ce wane ya yi jarumta. Farauta al'ada ce mai asali, kuma akwai dattawan kirki a cikinta. Amma duk ɗan birni ya san yadda wani ɓangarenta ya gauraya da ƙwaya da gabar unguwanni, ya san kuma ta wace ƙofa yara da yawa suka shiga daba. Yaron da ke tare mutane da wuƙa yana ƙwace waya a Kofar Dan Agundi ko Kofar Na'isa yana da ubangida, yana da rukuni, an ba shi aiki mai haɗari an amince masa. Mu masu tarbiyya me muka ba shi? Faɗa da nasiha.

Shi ya sa ba na tare da masu cewa wannan harka wasan 'ya'yan masu kuɗi ne. Ba na kuma tare da mai kuɗin da zai kwashi miliyoyi ya tura ɗansa ya koyi kunna wuta a dajin Amurka, ya dawo bai san hanyar Rano ba. Wanda Allah Ya hore wa, kuɗinsa ne. Sai dai kuɗin yaro ɗaya zai ɗauki nauyin yaran unguwa guda.

Na san abin da mai karatu zai ce: tsaro. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Bayan Ƙanƙara a Disambar 2020 da Jangebe a Fabrairun 2021, uwar da ta ce ɗanta ba zai kwana a daji ba ba ta yi laifi ba. Ni ma ba zan sa hannu a tura yara Kwatarkwashi a halin da Zamfara take ciki ba. Ko dajin Falgore da ke cikin jiharmu, ba wurin da za a shiga da yaran mutane ba ne sai da sahalewar jami'an tsaro.

Amma darasin ba a cikin dajin yake ba. Yana cikin ba wa yaro ragama da barin sa ya ɗanɗani sakamakon shawararsa. Wannan kuwa ana iya fara shi daga gindin Dala. A ɗauki samari goma sha biyu daga unguwanni biyu da ba sa ga maciji, a haɗa su rukuni guda na mako uku a lokacin dogon hutu. A ba su aikin bin sawun badala da ƙafa, ƙofa zuwa ƙofa, daga Kofar Mata su zagaya ta Kabuga da Kansakali da Waika su dawo ta Mazugal, suna rubuta inda ganuwar take tsaye, inda aka yi gini a kanta, inda ta koma bola. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa kusan shekara ɗari tara da suka wuce tana narkewa a gabanmu, kuma zai yi wuya ka samu saurayi ɗaya cikin ɗari da ya taɓa zagaya ta. A ba su kuɗin abincin mako a hannu, su yi cefane a Kurmi ko Rimi, su dafa da kansu. In kuɗin ya ƙare ranar Alhamis, su sha gari ranar Juma'a. Jagoranci ya riƙa zagayawa kullum, har ya zo kan wanda kowa ya raina.

Sai iyo. Duk damina sai mun ji jami'an kashe gobara sun ciro gawar yaro daga kududdufi. Birni ne mai kududdufai, amma 'ya'yansa ba su iya ruwa ba, kuma idan aka ciro mutum da sauran numfashi, taron da ke wurin bai san abin yi ba sai salati da ɗaukar bidiyo. Mako guda na koyon iyo da taimakon gaggawa a hannun ƙwararru, sannan a rufe da kwana uku a tanti a gefen madatsar Tiga ko Bagauda inda ake da tsaro, ya isa a ce an yi wani abu.

Masu koyarwa ma ba sai an nemo daga waje ba. Muna da 'yan sikawut, muna da Red Cross, muna da 'yan agaji na ƙungiyoyin addini da ke tsare taron Idi da tafsiri cikin rana ba a biyan su ko sisi. Horon fareti suna da shi har ya yi yawa. Abin da za a ƙara musu shi ne abu mafi wuya ga babba Bahaushe: ya ga yaro zai yi kuskuren da ba zai kashe shi ba, ya kame bakinsa.

'Yan mata kuma kada a ce ban da su. A yi musu nasu rukunin, da malamai mata, da tsarin da iyaye za su natsu da shi. Yarinyar da ta haye da mu katanga ba namiji ba ce, kuma wadda za ta riƙe gida da yara biyar nan da shekara goma ta fi kowa buƙatar sanin yadda ake tsayar da jini da yadda ake raba kuɗin mako.

Gwamnatin Kano ta saba tura ɗalibai ƙasashen waje karatun digiri na biyu, 501 a 2012, sannan aka sanar da 1,001 a 2023. Ba na ƙyashin kowa, ilimi ne. Amma waɗannan su ne waɗanda suka riga suka tsira. Kuɗin kujerun jirgin mutum goma a cikinsu zai sayi tantuna da igiyoyi da akwatunan magani da za su yi wa ɗaruruwan yaran lungu aiki shekara da shekaru. In gwamnati ba ta waiwayo ba, attajiran Kwari da Singa da Wambai, waɗanda da yawansu jikokin fatake ne, sun san darajar abin da nake faɗa fiye da ni.

Ranar Asabar da ta wuce na ce wa ɗan yayata ya tara abokansa biyar. Na ba shi naira dubu goma, na ce ya kai mu saman Dala da Goron Dutse a yini ɗaya da ƙafa, ya ciyar da mu, ya dawo da mu kafin Magariba, ni ba zan ce komai ba. Ya manta da ruwa. Muka sauko daga Dala maƙogwaro a bushe, abokansa suna yi masa tsiya, ya shiga lissafin abin da zai rage daga kuɗin abinci. Sau biyu na buɗe baki zan yi magana na fasa. Mun iso gida ana kiran sallah, da canjin naira ɗari uku a hannunsa, kuma tun a hanya suke gardamar wanda zai jagoranci ta mako mai zuwa.