Malam, kafin ka ba da sifili, ka tambayi yarinyar

1/ Jiya ƙanwata ta dawo makaranta da kuka, nan Gesse. An ba ta sifili a rubutun Turanci. Laifinta? Wai rubutun ya yi kyau da yawa, ChatGPT ne ya yi mata. Ku biyo ni. 🧵

2/ A gabana ta yi shi. Dare uku tana rubutawa tana gogewa, ba wuta, da fitilar wayar Inna. Kan bikin kamun kifi na Argungu ne, har da yadda Kawunmu yake faɗawa Matan Fada da gora da homa.

3/ Yau na je makarantar, na gaida malamin, na ce, "Malam, don Allah da me aka gane?" Ya ce ya zuba wa ChatGPT rubutun, ya tambaye shi ko shi ya yi, ya amsa da eh. Hujjar ke nan. Haba!

4/ Jama'a, ChatGPT ba ya iya tantance wannan, cankowa kawai yake yi. Kamfanin OpenAI da kansa ya fitar da manhajar gano rubutun AI a Janairun 2023, ya rufe ta a Yuli saboda yawan kuskure. Mai kayan ya janye, kai kana yanke hukunci da shi?

5/ A 2023 ɗin dai, masu bincike a Jami'ar Stanford suka gwada irin waɗannan manhajoji. Fiye da rabin rubutun waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne aka ce na AI ne, alhali mutane suka rubuta. Wato mu ke nan fa.

6/ Na san akwai masu kwafa. Meta AI na zaune cikin WhatsApp, yaro ya danna, minti ɗaya aiki ya fito. Na kuma san aji cike yake, malami ɗaya, albashi ba ya kai wata. Amma gajiyarka ba ta ba ka damar kiran ɗiyar mutane ɓarauniya ba.

7/ Hanin ma ba ya aiki. Makarantun gwamnati na birnin New York sun toshe ChatGPT a Janairun 2023, zuwa Mayu suka buɗe.

8/ Maganin na hannunka, ko data ba ya ci. Kira ɗaliba, minti uku. "Me wannan kalmar ke nufi? Wa ya ba ki wannan labarin?" Wadda ta kwafa za ta yi ta in-ina, mai aikinta za ta zuba maka har ka gaji.

9/ Sannan a canza tambayoyin. Tura su wurin manomin shinkafa a fadama, ko gidan tarihi na Kanta, su dawo da abin da suka ji da kunnensu. In sun taɓa AI, su nuna inda ya yi ƙarya. Yana yi kuwa, sosai.

10/ Masu koyar da malamai a Adamu Augie ta Argungu, wannan aikinku ne. Ɗalibanku za su tarar da AI a aji, ko an shirya su ko ba a shirya ba.

11/ Ƙanwata ta ce daga yau da gangan za ta riƙa sa kuskure, don a yarda ita ta rubuta. Wannan ne ya hana ni barci. Litinin zan koma da daftarinta uku masu goge-goge, in roƙi Malam ya yi mata tambayoyi a gabana.