Masu Neman Kujerar Majalisar Jiha, Ina Kuka Tsaya Kan Maganar Ma'aikata?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Wato yadda masu neman kujerar Majalisar Dokokin Jiha ke zuwa neman ƙuri'unmu, su ci zaɓe su tafi, ba wanda ya ji ra'ayinsu game da makaranta da asibiti da ruwan famfo, balle ma'aikatan da ke riƙe da waɗannan wurare da ƙungiyoyinsu.

Kowa ya san yadda kamfe yake a wajenmu. Ɗan takara zai iso da 'yan rakiya da maroƙa, a raba atamfa da sabulu da taliya, ya ce zai haƙa rijiyar burtsatse, zai raba babura da keken ɗinki. To jama'a, wannan ai ba shi ne aikin ɗan majalisa ba. Tsarin mulkin 1999 ya ce gwamna ba ya da ikon taɓa kuɗin jiha sai majalisa ta amince da kasafin, kuma ya ba majalisa ikon kiran kwamishina ko babban sakatare ta bincike shi a kan yadda ya kashe kuɗin. Ke nan albashin malamin firamare, da maganin da babu a asibitin ƙauye, da kuɗin sallamar tsohon da ya yi shekara 35 yana aiki, duk ta gaban waɗannan mutane suke wucewa. Amma a wajen kamfe ko mutum ɗaya ba ya tambayarsu.

A ɗauki maganar mafi ƙarancin albashi. An tsayar da naira 18,000 a 2011, aka kai 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024, bayan cire tallafin mai a 2023 ya jefa kowa cikin halin ni-'yasu. Gaskiya ne Majalisar Tarayya ce ke yin wannan doka, amma biyan kuɗin a jiha ake yi. Jihar Zamfara sai a 2024 ta fara biyan 30,000 ɗin da aka sa wa hannu tun 2019. Shekara biyar cur! Ina 'yan majalisar jihohin da suka yi irin wannan jinkiri suke? Su ne fa suke amincewa da kasafin kowace shekara. Har ila yau a 2021 an kai ƙuduri gaban Majalisar Wakilai na a bar kowace jiha ta yanke nata albashin, ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta fito zanga-zanga. Idan irin wannan gyara ya taso gobe, majalisun jihohi ne za su kaɗa ƙuri'a a kai, don ba a gyara tsarin mulki sai jihohi 24 cikin 36 sun yarda. Ashe bai kamata mu san bakin ɗan takara tun yanzu ba?

Mun ma ga misali. Ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, NULGE, da ta malamai, NUT, sun yi shekaru suna magana a kan asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, inda albashin malaman firamare ke fitowa. Da aka aika wa majalisun jihohi ƙudurin 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi a 2022, bai samu jihohi 24 ɗin ba, sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. 'Yan majalisar da suka yi gum, da yawansu daga ƙauyukan nan suka fito, kuma sun san halin da sakatariyar ƙaramar hukumarsu ke ciki. Tsoron gwamna ne kawai, don shi ke ba da tikiti.

Kada kuma a ɗauka na zo wanke ƙungiyoyin ƙwadago ne. A'a. Abin da ya faru a Kaduna ya isa kowa ya yi tunani. A 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 sun faɗi, ta sallame su, NUT ta shiga yajin aiki a farkon 2018. A watan Mayun 2021 kuma NLC ƙarƙashin Ayuba Wabba ta tsayar da jihar cak saboda korar ma'aikata, aka ɗauke wuta, jirgin ƙasa ya tsaya. Ni a ganina, wanda bai iya karatu ba bai kamata a bar shi gaban allo ba, ko da kuwa ɗan uwana ne, kuma ƙungiyar da ke kare ma'aikacin bogi ko wanda sai ranar albashi ake ganinsa tana zaluntar ɗan talaka. Amma wa ya ɗauki waɗannan malamai tun farko? Ba da takardar 'yan siyasa aka cusa da yawansu ba? Kuma wanda aka sallama, haƙƙinsa fa? A irin wannan rikici majalisa ce ya kamata ta zaunar da ɓangarorin biyu tun kafin wankin hula ya kai mu dare. Idan an rufe asibitin gwamnati, mai hali ya tafi na kuɗi, matar manomi mai naƙuda ita ke kwana a bakin ƙofa.

Saboda haka ina kira ga shugabannin NLC da TUC da NUT da NULGE da ƙungiyar ma'aikatan jinya na jihohinmu, kafin zaɓen 2027 su gayyato 'yan takarar kowace mazaɓa, na kowace jam'iyya, a zauna a fili, gidan rediyo ya watsa kai tsaye. A daina ganawar dare a otal wadda ba a san abin da aka ƙulla ba. A tambayi kowa: in gwamnan jam'iyyarka ya kawo kasafin da ya rage kason lafiya, za ka ɗaga hannu ko za ka ƙi? Bashin 'yan fansho, a shekara nawa za a biya? Za ka yarda a tantance ma'aikata, kuma wa zai yi tantancewar? 'Ya'yanka a wace makaranta suke? Su ma 'yan takara a ba su dama su tambayi ƙungiyoyin abin da za su yi da mambobinsu marasa zuwa aiki.

Wanda ya ƙi zuwa, a faɗi sunansa a rediyo. Wanda ya zo, a ajiye muryarsa a kaset, ranar da aka kawo kasafi majalisa a sake sa wa mutanen mazaɓarsa su ji.



Daga mai karatunku a kullum,
Tudun Wada, Zariya.