SALLAR GIDANKU KO SALLAR GIDANMU?

Yau na ɗan ajiye labarin da muke ciki, saboda wata magana da na ga tana neman zama ruwan dare a unguwanninmu, tun daga Gyaɗi-Gyaɗi har Tarauni da Unguwa Uku. Maganar ita ce rigimar sallar farko a gidan amarya. Aure ya yi wata biyar ko shida ana zaune lafiya, amma da an ce an ga wata sai ka ji gida ya ɗau zafi. Ita ta ce haka ake yi a gidansu, shi ya ce ba haka ya taso ya gani ba. Kowane tsuntsu dai kukan gidansu yake yi.

Abin fa ba ƙarami ba ne. Yarinya ta taso a gidan da ake kwana ana tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe, gari na wayewa a cika kwanuka yara su shiga raba wa maƙwabta. Sai ta auri ɗan gidan da ba su san wannan ba, nasu shi ne soyayyar shinkafa da kaji da kek da cincin, a jera lemo a firij a jira baƙi. Idan ta yi tuwo ya ce ta mai da shi ɗan ƙauye, idan ta bar tuwon uwarta ta ce aure ya sa ta manta asali. A babbar sallah ma haka. Bakano ya saba a yanka rago a rataye shi ya kwana, washegari a shiga suya, ita kuwa 'yar Sakkwato ko Maraɗi ta saba ganin an soke ragon a itace an jera shi gefen wuta ya gasu. Sannan ga babbar tambaya: gidan wa za a fara zuwa gaisuwa?

Ni a ganina kuskuren da ake yi shi ne kowa yana son ya ɗauko gidan iyayensa dungurungum ya dasa a sabon gida. To, wannan gidan ba na iyayenka ba ne, Malam, ba kuma na iyayenki ba ne, 'yar uwa. Gida ne na uku, dole ya samu tasa al'adar, wadda za a ɗebo daga nan a ɗebo daga can.

Mu dubi fadar Kano mana. A bisa al'ada Sarki ba ya haɗa komai a rana guda. Ranar farko ta Idi ce a filin Ƙofar Mata. Washegari Hawan Daushe, inda yake biyawa ta Babban Ɗaki, gidan mahaifiyar Sarki, ya kai gaisuwa. Rana ta uku Hawan Nasarawa, ya shiga gidan gwamnati. Daga baya a yi Hawan Ɗorayi a ƙaramar sallah, ko na Fanisau a babba. Wannan tsari ne ya daɗe har hukumar UNESCO ta sanya hawan cikin al'adun duniya da ake tattali a shekarar 2024. Idan mai gari kacokan ya raba wa kowa ranarsa, me zai hana mai ɗaki biyu da falo ya yi haka? Ranar sallah gidan iyayen miji, washegari gidan iyayen mata, ta wuni cur ba tare da ana yi mata hon a ƙofar gida ba. Rana ta uku ku zauna a naku, ku karɓi baƙi, in da yara a kai su Gidan Zoo na Audu Bako, ga shi nan kusa.

Na san wani zai ce ai mace bin mijinta take yi, abin da ya tsara shi ke nan. Ban musa cewa shi ne shugaban gida ba. Amma shugabanci ai ba shi ne a shafe wa mutum shekara ashirin na rayuwarsa a dare ɗaya ba. Yarinyar nan wannan ce sallarta ta farko ba ta ji muryar mahaifiyarta da asuba ba, ba ta zauna layin lalle da kitso da ƙannenta ba. Idan ka bar ta ta yi wainar da ta saba, ka kai wa iyayenta cinyar ragonka da hannunka, me ya ragu a girmanka? Ke ma amarya, idan surukarki ta ce a gidansu kowace matar ɗa tana kawo kwanon abinci ranar sallah, kada ki ɗauke shi a matsayin bauta. Hanya ce ta shigar da ke cikin dangi.

Akwai kuma abin da ya kamata a zubar, tsoho ne ko sabo. Duk al'adar da ba ta haifar da komai sai bashi da gasa ba ta cancanci a shiga da ita sabon gida ba. Kala biyar na ɗinki, ankon gidan miji daban na gidan amarya daban, a ɗauki hoto a sa a WhatsApp don wance ta gani. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. A shekarar 2020 cutar korona ta hana hawa a Kano, amma sallah ba ta fasa zama sallah ba, an gaisa, an kai tuwo, an ba yara goron sallah. Ashe zumuncin ne uwa, sauran duk ado ne.

Shawarata ita ce a zauna tun azumi bai kai goma ba, ko tun kafin watan layya ya kama, miji da mata su yi magana: me za a dafa, nawa ke akwai, wa za a fara gaisarwa. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Iyaye kuma don Allah a sakar wa yara mara, a daina aiko da saƙon "mu ba haka muke yi ba". Abin da suka tsara yau shi ne 'ya'yansu za su kira al'adar gidanmu gobe.

Allah Ya zaunar da mu lafiya a gidajenmu, Ya maimaita mana. Wassalam.