Dambe, Dara da Wasan Kwamfuta: Wane Ne Ɗan Wasa?

Akwai wata muhawara da ta daɗe tana yawo a bakin jama'a, ba ta kuwa samu shiga shafukan nazari yadda ya kamata ba. Muhawarar ita ce, shin samarin da ke zama gaban talabijin suna fafatawa a wasan kwamfuta, wanda su kansu suke kira gem, sun cancanci a kira su 'yan wasa kamar yadda ake kiran ɗan dambe da ɗan kokawa? A garin Dutsin-Ma, musamman tun bayan kafa Jami'ar Tarayya a 2011, shagunan da ake buga PlayStation sun zama wurin taruwar samari, har yaran ƙauyukan kewaye irin su Dabawa da na ƙasar Kurfi sun san hanyarsu. Dattawa na kallon abin a matsayin zaman banza, samari kuwa suna ganin gwaninta ce da ba a ba ta haƙƙinta ba. A ganina, wannan wasa ya cancanci a karɓe shi a matsayin gasa ta basira, ɗan'uwan dara, amma bai kai a ɗora shi a kan buzu ɗaya da kokawa da dambe ba.

Hujja ta farko da masu ƙin wasan suke kawowa ita ce baƙo ne, ba mu gaje shi daga iyaye da kakanni ba. To, amma duk wanda ya san tarihin Katsina ya san wannan hujja ba ta da ƙafafun tsayawa. Ƙwallon dawaki baƙo ne, Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ne ya ba shi masauki a shekarun 1920, ɗansa kuma Sarki Usman Nagogo ya yi suna a cikinsa har a ƙasashen waje, yau ga shi ana lissafa shi cikin abubuwan da Katsinawa ke tinƙaho da su. Haka nan kuma a Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, malamai Turawa sun koya wa ɗalibai wani wasa na buga ƙwallo da hannu a jikin bango, wanda Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya riƙe har bayan ya zama Firimiya. Ƙwallon ƙafa fa, wa ya gaje ta daga kakansa? Ashe baƙunci ba ya hana wasa samun gindin zama, muddin dai ya samu masu riƙe shi da mutunci.

Hujja ta biyu ita ce wasan na zaune ne, babu gumi, babu motsa jiki. Wannan ta fi ta farko ƙarfi, amma ita ma akwai abin dubawa a cikinta. Bahaushe bai taɓa taƙaita kalmar wasa ga abin da ake yi da ƙarfin damtse kaɗai ba. Dara a zaune ake yin ta, a gindin bishiya, da 'yan gurabe a ƙasa da guntayen kara, kowane mutum da 'ya'yansa goma sha biyu, wanda ya jera uku ya ci ɗaya na abokin karawarsa. Duk da haka gwanin dara mutum ne da ake girmamawa, har wasan ya bar mana magana a harshe, inda mukan ce dara ta ci gida. A Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda aka fara a Legas a 1973, wasannin gargajiya da ake ba da lamba a kansu sun haɗa da dambe da kokawa da langa, har da ayo na Yarbawa, wanda shi ma a zaune ake buga shi. Kwamitin Olamfik na Duniya ma ya amince da hukumar darar Turawa tun 1999. Wasan kwamfuta yana buƙatar saurin ido da na yatsa, da karanta nufin abokin gaba, da haƙurin horo na watanni. Idan aka yarda cewa dara gwaninta ce, da wuya a samu dalilin hana wannan suna ga wanda ya ƙware a na'ura.

Daɗin daɗawa, ya kamata mu tuna cewa shi kansa damben da muke kafa misali da shi ba a kan rawani aka haife shi ba. An daɗe ana ɗaukarsa sana'ar mahauta, wadda ake yi da kaka bayan an kawar da amfanin gona, mutumin da ke ji da asalinsa kuwa ba ya son a ga ɗansa ya naɗe hannu da zare. Abin da ya ɗaga darajarsa shi ne ƙa'ida da alƙali da 'yan kallo, da kuma makaɗa irin su Ɗan'anace, wanda ya sa sunan Shago ya zaga ƙasar Hausa. A Jamhuriyar Nijar kuwa, hukuma ce ta ɗauki kokawa ta mayar da ita gasar ƙasa tun 1975 a Tahoua, inda zakara ke karɓar takobi. Darasin da ke nan shi ne, jama'a ce ke ba wasa mutunci idan ta tsara shi, ta naɗa masa shugabanni, ta tsare shi daga ɓarna.

Duniya ta riga ta fara yi wa wasan kwamfuta irin wannan tsari. A Wasannin Asiya da aka yi a birnin Hangzhou na ƙasar Sin a 2023, an ba da lambobin zinariya a kansa kamar yadda aka bayar a guje-guje. A 2024 birnin Riyad na Saudiyya ya karɓi gasar duniya wadda kyaututtukanta suka haura dala miliyan 60. Amma fa ko a can ba a gama daidaita magana ba, domin kuwa yarjejeniyar da Kwamitin Olamfik ya ƙulla da Saudiyya a 2024 don shirya gasar Olamfik ta wasannin kwamfuta ta warware a 2025.

To, me ya sa na ce kada a daidaita shi da kokawa? Dalilin farko shi ne mallaka. Kokawa ba ta da mai ita. Duk inda aka samu yashi da samari biyu da mai ganga, an samu fage, babu wanda zai aiko daga wata ƙasa ya ce an sauya dokar kayarwa. Dara ma haka, yatsa da ƙasa sun isa. Wasan kwamfuta kuwa kayan kamfani ne, kamfanin ne ke rubuta dokokinsa, shi ke sauya su, shi ke yanke farashi. Alal misali, wasan ƙwallon da samarinmu suka sani da suna FIFA tun 1993 ya koma EA Sports FC a 2023, saboda kamfanin da ke yin sa ya raba gari da hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya. Abokin hamayyarsa PES shi ma kamfanin Konami ya mayar da shi eFootball a 2021. Babu wanda ya nemi shawarar ɗan Dabawa kafin a yi haka. Masu iya magana kan ce kayan aro ba ya rufe katara, wasan da wani zai iya janyewa gobe kuwa ba a gina al'adar gari a kansa.

Dalili na biyu shi ne tsada. Langa ƙafa ɗaya take buƙata, ɗan talaka da ɗan attajiri daidai suke a fagenta. Wasan kwamfuta yana son na'ura da talabijin da wuta, a inda wutar lantarki ba ta zama kuwa sai janareta da mai, ko hasken rana da batir. Saboda haka ɗan ƙauye yakan shiga gasar da gurguwar ƙafa tun kafin a busa usur. Dalili na uku shi ne lafiya da tarbiyya. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasan kwamfuta cikin jerin cututtukan da take lissafawa, wato idan ya rinjayi mutum har ya hana shi barci da karatu da sana'a. Ga kuma caca, wadda takan laɓe a bayan kowane wasa da ba shi da mai tsawatawa. Da zarar an ce wanda aka ci shi zai ajiye kuɗi, to an bar fagen wasa an shiga wani fage da addini da al'ada suka yi tir da shi.

Bisa ga waɗannan dalilai, shawarata ita ce a bi tsaka-tsaki. Makarantu irin su Jami'ar Tarayya da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma za su iya buɗe wa wasan ƙofa cikin gasannin ɗalibai, a sa masa alƙali da lokaci da ƙa'ida, a hana sa kuɗi, a kuma raba yara 'yan firamare da shagunan a lokutan makaranta. Abin da aka fito da shi fili ya fi sauƙin gyara a kan wanda aka bari a lungu. Amma ɗan abin da hukuma ke warewa don raya wasanni, ya kamata kaso mafi tsoka ya tafi ga dambe da kokawa da langa da dara, domin su ba su da kamfanin da zai tallata su, mu ne kaɗai gatansu.

Mu kuma ɗaliban Hausa akwai aikin da ya rataya a wuyanmu. Samarin da ke waɗannan shaguna suna ƙirƙirar kalmomi da ba'a da kirari na kansu, wanda ya dace a tattara a yi nazarinsa kamar yadda magabatanmu suka yi wa kirarin 'yan dambe. Bayan haka, babu abin da zai hana ɗalibin Hausa ya haɗa kai da ɗalibin kimiyyar kwamfuta su rubuta dokokin dara yadda dattawan Kurfi da Dutsin-Ma suke buga ta, su sa ta cikin wayar hannu da harshenmu. Ranar da aka yi haka, yaro zai riƙe na'urar zamani yana buga wasan kakansa, dokar wasan kuma tana hannunmu. Allah ya sa mu ga wannan rana.