Iska Ce Ko Ruwa? Rigimar Diyyar Inshora Bayan Guguwa

A wannan mako za mu duba mas'alar mutumin da guguwa ta lalata masa gida, ya je kamfanin inshora neman diyya, kamfani ya ce ba zai biya ba. Misalinmu daga Amurka za mu ɗauko shi, a irin gidajen nan da suke kira kondo, watau babban bene guda da aka rarraba, kowa ya mallaki sashensa, rufi da bangon waje da matakala kuwa na tarayya ne.

Irin wannan gida inshorarsa biyu ce. Ƙungiyar masu gidan tana da ta ginin, kowane mai sashe kuma yana da ta abin da ke cikin ɗakunansa. Idan iska ta yaye rufi, ruwan sama ya zubo ya ɓata silin da shimfiɗu, sai kamfanin ƙungiya ya ce ɓarnar ciki ce, na mai sashe ya ce ai daga rufi ta taso. Kowa yana tura shi wurin ɗan'uwansa.

Akwai wadda ta fi wannan tsanani. Ran 29 ga Agusta, 2005, guguwar Katirina ta afka wa jihohin Luwiziyana da Misisifi. Inshorar gida da aka saba a can tana biyan ɓarnar iska, amma ba ta biyan ta ambaliya. Wannan daban ake sayenta a ƙarƙashin wani shirin gwamnati da aka kafa a 1968. Gidaje da yawa na bakin teku ba abin da ya rage daga gare su sai daɓen siminti. To, wa zai rantse cewa iska ce ta fara rushe su, ba ruwan teku ba? Kamfanoni suka ce ruwa ne. Har Trent Lott, ɗan majalisar dattawa mai wakiltar Misisifi a lokacin, sai da ya kai kamfanin State Farm ƙara saboda gidansa. Idan sanata ya sha haka, ina ga ƙaramin ma'aikaci?

Wannan shi ne garari da malaman fiƙihu suke tsoro: mutum ya yi shekaru yana biyan kuɗi alhali bai san tabbacin abin da ya saya ba sai ranar musiba. Ibnu Abidin, babban malamin Hanafiyya na Dimashƙa wanda ya rasu a 1836, ya yi magana a kan inshorar kayan fatake na jiragen ruwa, bai kuwa halatta karɓar diyyarta ba in a ƙasar Musulunci aka ƙulla ta. A 1985 Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta haramta inshorar kasuwanci, ta yarda da ta taimakekeniya, wadda Sudan ta fara kafa wa kamfani a 1979. Shaihu Mustafa Zarƙa na Siriya ya saɓa musu, ya halatta. Wannan saɓani ne na masana, ba na jahilai ba.

Amma fa wanda doka ko sharaɗin bashin gida ya tilasta wa shiga, ya kuma biya kuɗinsa, ba mu ga dalilin da zai bar wa kamfani hakkinsa da sunan tawakkali ba. Ayar farko ta Suratul Ma'ida ta yi umarni da cika alkawura, kamfani kuwa alkawari ya ɗauka. Ya nemi a ba shi dalilin ƙin biya a rubuce, da sakin layin yarjejeniyar da aka dogara da shi. Ya karɓi kwafin inshorar ƙungiya ya gwama da tasa. Ya ɗauki hotuna kafin gyara, ya adana rasiɗai, ya kawo injiniya nasa na kansa, kada ya wadatu da rahoton wanda kamfani ke biya albashi. Ƙa'idar shari'a ita ce hujja tana kan mai da'awa: shi zai tabbatar da ɓarna, kamfanin da ya ce ɓarnar tana cikin abin da aka toge kuwa, shi ma da'awa ya yi, sai ya kawo tasa hujjar. Kada kuma ya yi jinkiri, don ƙara tana da wa'adi.

Sharaɗi guda ne ba sassauci a cikinsa. Tsohon tsagin bango ba ya zama aikin guguwa don kamfani ya yi zalunci, firjin da ya mutu tun bara ba a sa shi a lissafi. Da yawa daga malaman da suka haramta ma sun ce kada ya ci fiye da abin da ya zuba, ragowar ya bayar da ita ga mabukata.

Ga 'yan kasuwa da ma'aikatanmu na Nijeriya masu rumfuna da gidajen rukuni, hukumar NAICOM mai kula da inshora tana karɓar ƙorafi a kan kamfanoni, ta kuma fitar da ƙa'idojin takaful a 2013. Sai dai shi ma takaful takarda ce mai togace-togace. A tambayi wakili, kafin damina, ko iska da ambaliya duka suna ciki, a kuma ce ya nuna layin da aka rubuta haka. Sai mako mai zuwa in Allah ya yarda.